Minti Biyu Kafin Ka Ɗauki Biro

Ya kai ɗalibi, ka taɓa shiga ɗakin jarrabawa ka ji duk abin da ka karanta ya gudu daga kanka? Gabanka yana faɗuwa, tafin hannunka yana gumi, wuyanka da kafaɗunka sun ƙage. Kowace shekara, idan lokacin WAEC da NECO ya zo, ina ganin ɗalibai masu ƙwazo cikin wannan hali. Na taɓa ganin yarinyar da ta fi kowa iya Hausa a ajina ta yi minti goma tana kallon takarda, ta kasa rubuta komai. Ta san amsoshin sarai, tsoro ne ya ɗaure ta.

A ganina, idan an raba takarda, kada ka yi saurin ɗaukar biro. Ka fara gyara numfashinka tukuna.

Ga dalilina. Idan tsoro ya kama mutum, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna adiranalin, sai zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure. Babban mutum da yake hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Wanda ya firgita kuwa yakan wuce haka, kuma numfashinsa a ƙirji yake tsayawa. Idan abin ya yi yawa, har jiri yakan ɗebe shi. Ba ka da ikon umartar zuciyarka ta sassauta, amma kana da iko a kan numfashinka, ita kuma tana bin sa. Duk lokacin da ka fitar da iska a hankali, bugunta yakan ragu.

Ka zauna sosai, ka saki kafaɗunka, ka ɗora hannu ɗaya a kan cikinka. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirgawa a zuci daga ɗaya zuwa huɗu, har ka ji cikin ya taso. Sannan ka fitar da ita ta baki sannu a hankali, kana ƙirgawa zuwa shida. Ka maimaita sau 12, wato kimanin minti biyu ke nan. In so samu ne, da Hausa za ka yi ƙirgar, ka ga ka haɗa da bitar darasi.

Za ka ce, "Malam, lokaci fa?" A takardar awa biyu akwai minti 120. Wanne ya fi, ka ba da biyu da kanka, ko tsoro ya ƙwace goma?

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa gwadawa tun yanzu, kullum kafin ka kwanta barci, domin jikinka ya saba. Kuma numfashi ba zai sa maka abin da ba ka karanta a kai ba. Idan kuwa kana da ciwon asma, ko ka ji ƙirjinka yana ciwo, kada ka tsaya ƙirga. Ka ɗaga hannu ka gaya wa mai sa ido nan take, a kai ka wurin likita.