Turai da ƙalubalen shimfiɗa tashoshin cajin motocin lantarki

A shekara ta 2023 ƙungiyar Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta wajabta wa ƙasashe 27 na ƙungiyar su kafa tashar cajin mota cikin gaggawa a kowace tazarar kilomita 60 a kan manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashen. An ɗebar wa kashin farko na aikin wa'adi zuwa ƙarshen 2025.

Dokar ta tanadi cewa kowace tasha ta samar da wuta mai ƙarfin kilowat 400 a jimlace, sannan a ɗaga zuwa 600 kafin ƙarshen 2027. Dole ne kuma a samu aƙalla na'ura guda mai kilowat 150, wadda kan cika akasarin batirin mota cikin kimanin rabin sa'a, alhali a gida aikin kan ɗauki sa'o'i da dama.

Dalilin kafa dokar

Shekara da shekaru ana fama da matsala guda. Jama'a na ɗari-ɗarin sayen motar lantarki don gudun kada caji ya ƙare musu a hanya, su kuma 'yan kasuwa ba sa son zuba jari a inda motocin ba su da yawa.

Kamfanonin ƙera motoci ne suka fara yunƙurin warware wannan. A 2017 BMW da Ford da Daimler da Volkswagen suka haɗa gwiwa suka kafa kamfanin Ionity domin gina tashoshi a manyan hanyoyin nahiyar. Sai dai jari yakan bi inda riba take. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai sun nuna cewa a ƙarshen 2023 akwai wuraren caji na jama'a sama da 630,000, amma fiye da rabinsu suna ƙasashe uku kacal, wato Holand da Jamus da Faransa.

Ke nan direban da ya taso daga Amsterdam zuwa Paris ba shi da fargaba, amma wanda ya nufi Romaniya ko Bulgeriya sai ya yi lissafi sosai kafin ya kama hanya. Wannan giɓi ne dokar ke son cikewa.

Haka kuma tun daga watan Afrilun 2024 wajibi ne sababbin na'urorin gaggawa su karɓi katin banki, maimakon tilasta wa direba ya yi rajista da kowane kamfani daban.

Inda gizo ke saƙa

Girka na'urar caji ba shi ne abu mai wuya ba. Babban aikin shi ne kai mata wuta. Tasha mai na'urori da yawa na jan lantarki kamar ƙaramar masana'anta, ga shi kuma galibin wuraren hutawar matafiya suna nesa da manyan layukan wuta. Janyo layi da kafa taransifoma da samun izinin hukuma kan ɗauki shekaru.

Hatta Holand, wadda ke kan gaba a yawan wuraren caji, na fama da cunkoso a layukan wutarta, inda dubban kamfanoni suka shiga jerin masu jiran a haɗa su.

Batun kuɗi ma na nan. Tashar da ke ƙauye ba lallai ta mayar da jarinta da wuri ba, abin da ya sa gwamnatin Jamus ta ɗauki nauyin wani shiri na samar da na'urorin gaggawa kimanin 9,000, har da yankunan da 'yan kasuwa ke gudu. Ƙasashen gabashin nahiyar ba su da irin wannan ƙarfin aljihu.

Abin da ke gaba

A 2023 ne ƙungiyar ta amince a daina sayar da sababbin ƙananan motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, amma a watan Disambar 2025 hukumar zartaswarta ta gabatar da shawarar sassauta matakin bayan matsin lamba daga masu masana'antu.

Duk wani jan ƙafa a nan zai iya sanyaya gwiwar masu zuba jari a tashoshin. Idan kuwa tashoshin suka yi ƙaranci a gabashi da kudancin nahiyar, masu adawa da wa'adin na 2035 za su ƙara samun hujjar neman a ɗage shi.