Katin memori jakar tafiya ce, ba rumbun ajiya ba

Makon jiya ƙanena ya zo daga Bodinga da katin memori a naɗe cikin takarda. A ciki akwai hotunan bikin yayarmu, da muryar kakarmu da ya ɗauka tana lissafa mana asalin gidanmu, shekara guda kafin Allah ya yi mata rasuwa. Shekara huɗu ke nan da ya cire katin daga waya ya jefa cikin akwatin ƙarfe, wai don kada ya lalace. Muka sa a waya, ta ce sai an yi fomatin. A kwamfuta rabin hotunan suka buɗe, sauran kuwa toka-toka. Muryar ba ta dawo ba.

Ban ga laifinsa ba, don yawancinmu haka muka ɗauka: abin da ba a taɓawa ba ya lalacewa. Memori ba haka yake ba. Katin waya, filashi da SSD duk suna riƙe bayanai ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin mitsi-mitsin ɗakuna, kuma cajin nan yana tsiyaya a hankali kamar ruwa a randa mai tsaga. Zafi yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara wa masana'antar ma'auni, ta ce SSD na amfanin gida da ya ƙare ƙarfinsa na rubutu ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta, a zafin digiri 30. Talatin fa! Mu da Afrilunmu ke haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano. Sabon kati mai kyau yana iya wuce haka nesa, amma ba wanda zai faɗa maka ranar da naka zai gaza.

Ga kuma jabu. Daga Bodinga har Shagari, kowa ya san rumfar caji inda ake tura fim da wa'azi, ana sayar da kati da araha. Mai rumfar ma sau da yawa bai san abin da aka kawo masa ba. Kati zai nuna 64GB alhali cikinsa bai wuce 8GB ba. Da ya cika, sai abin da ka ƙara ya ɓace ko ya hau kan tsohon, kai kuma kana ganin sunayen fayil kana murna.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa gane wannan. A Sifawa, nan ƙaramar hukumar Bodinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Har yau ana karanta littattafansa, kuma ba ƙarkon takarda kaɗai ya kawo su ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa, kowa ya tafi garinsu da nasa, in gara ta ci ɗaya akwai wani.

Wani zai ce ai sai a ɗora a Google. A ɗora, amma da ido buɗe. Kyautar 15GB ce kawai, Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp ta masu Android duk a cikinta suke ci, kuma tun Disambar 2023 kamfanin na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Wanda mai shago ya buɗe wa imel, bai ma riƙe kalmar sirrin ba, ya fara gyara wannan tukuna.

Ni dai abin da nake yi yanzu: duk abin da ba zan iya sake samu ba, yana waya, yana intanet, akwai kuma kwafi a wurin ɗan'uwana a Shagari. Duk bayan ƙaramar salla nakan buɗe su in duba, in kati ya tsufa in juye a sabo. Takardun makaranta da na gona, da hotuna goma da na fi so, na kai an buga mini su a takarda.