Ba A Shiga Da Yaro

Akwai wata sabuwar al'ada da ta kunno kai a ƙasashen masu arziki, wadda ya kamata mu yi magana a kanta tun ba ta zauna da gindinta a garuruwanmu ba. Al'adar ita ce a keɓe wuri a jirgin sama, ko jirgin ƙasa, ko gidan cin abinci, a kafa allo a rubuta cewa ba a shiga da yaro. Babba ya biya kuɗinsa, a yi masa alkawari ba zai ji kukan jariri ba, ba zai ga yaro yana wasa kusa da shi ba, har ya sauka. Masu wannan ra'ayi suna ce da shi ci gaba. Ni kuwa na ce zalunci ne da aka sa wa riga mai kyau, kuma zan kawo dalilaina.

Bari mu fara da abin da ya faru, don kada wani ya ce tatsuniya nake yi. A shekarar 2013 kamfanonin jiragen sama biyu na Asiya, AirAsia X da Scoot, suka keɓe wasu layukan kujeru inda ba a yarda ƙananan yara su zauna ba. A 2016 kamfanin IndiGo na Indiya ya bi sahunsu. A 2023 kamfanin Corendon ya raba jirginsa mai tashi daga Amstadam zuwa tsibirin Kurasawo, ya ce sashen gaba na 'yan shekara 16 ne zuwa sama, kuma mai so ya ƙara yuro 45 a kan kuɗin tikiti. A watan Janairu na 2026 kamfanin jirgin ƙasa na Faransa, SNCF, ya buɗe wani aji mai tsada a jiragensa masu gudu, ya ce ba ya karɓar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a cikinsa. Maganar ta tā da ƙura a Faransa, har babbar jami'ar gwamnati mai kula da sha'anin yara, Sarah El Haïry, ta fito ta nuna rashin yardarta.

Inda abin ya fi yin nisa kuwa shi ne Koriya ta Kudu. A can ɗaruruwan gidajen abinci da na shan shayi sun liƙa wannan allo a ƙofa. A 2017 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta duba ƙarar wani gidan abinci a tsibirin Jeju da ya hana 'yan ƙasa da shekara 13 shiga, ta ce wannan wariya ce. Amma maganar hukumar shawara ce kurum, ba ta da ƙarfin doka, saboda haka alluna suka ci gaba da yawaita. A watan Mayu na 2023 wata 'yar majalisa, Yong Hye-in, ta je majalisar dokoki ɗauke da ɗanta mai kusan shekara biyu, ta tsaya a gaban 'yan jarida tana roƙo a kawar da irin waɗannan wurare. Dubi wannan abin mamaki: uwa ce take roƙon ƙasarta ta bar ɗanta ya shiga inda mutane suke.

To, masu goyon bayan wannan al'ada ba mahaukata ba ne, suna da hujjojinsu, kuma gaskiya ce mu saurare su. Na farko sun ce mutum ya gaji, ko ba shi da lafiya, ko yana da aikin da zai yi a hanya, kuma tafiyar awa goma da jariri yana tsala ihu a bayan kunnenka ba wasa ba ce. Na biyu sun ce akwai iyayen da ba sa kwaɓar 'ya'yansu, yaro yana harbin kujerar mutum, yana zubar da abinci, uban yana kallo yana murmushi. Na uku sun ce akwai haɗari. A 2013 wata kotu a birnin Busan ta sa mai gidan abinci ya biya diyya saboda wani yaro ya ci karo da ma'aikaci mai ɗauke da ruwan zafi ya ƙone, kuma ana cewa irin wannan shari'a ce ta tsorata masu gidajen abinci da yawa. Duk na ji. Kukan jariri yana da ciwo, yaro marar kwaɓa yana da ban haushi. Ban musa ba.

Amma ina da tambaya. In hayaniya ce damuwarku, me ya sa allon bai ce ba a hayaniya ba? Babba mai magana a waya kamar yana kiran wanda ke ƙetaren kogi, ba a hana shi shiga ba. Wanda ya sha ya bugu yana zagin mutane, kujerarsa tana nan. Mai minshari kamar injin niƙa, ba wanda ya tambaye shi takardar haihuwa. Amma yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, mai natsuwa, wadda za ta zauna da littafinta har a isa, ita ce aka tsayar a ƙofa. Ashe ba a auna halin kowa ba. An dubi shekarun mutum an yanke masa hukunci tun bai yi laifi ba. Ka ɗauki allon nan ka goge kalmar yaro, ka rubuta tsoho, ko makaho, ko gurgu, ko sunan wata ƙabila, sa'an nan ka karanta shi da ƙarfi ka ji ko bakinka zai iya. Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwa da yawa, mun fi kowa sanin ɗacin a dube ka a ce irinku ba sa shiga nan.

Sa'an nan, wa aka kora da gaske? Jariri ba ya sayen tikiti, ba ya zuwa tasha shi kaɗai. Duk inda aka ce ba a shiga da yaro, uwar yaron aka ce kada ta shiga, domin yawancin lokaci ita ce take goye da shi. Mijinta zai iya sa rigarsa ya tafi inda ya ga dama. Ita kuwa za a tura ta can baya kusa da makewayi, ko a bar ta a gida. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta haihu da wahala, tana renon wanda zai zama likita ko manomi ko direban gobe, ladan da za mu ba ta ke nan, mu ce ta kauce don kada ta ɓata mana barci? Jaririn ma da ke kuka a jirgin sama ba iskanci yake yi ba. Sa'ad da jirgi yake tashi ko sauka, nauyin iska yana canzawa, kunne ya toshe ya yi zafi. Babba ya san ya haɗiye yawu ko ya yi hamma, jariri bai sani ba, sai kuka. Shi ya fi kowa shan wahala a cikin jirgin, shi ne kuma ake hararar.

Wani zai ce mini, malam, wannan maganar Turawa ce da mutanen Asiya, ina ruwanmu? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ka shiga babbar motar fasinja daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 600 ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni da Madawa, ka ƙidaya goyo nawa ne a ciki. Tsakanin Ƙwanni da Madawa akwai asibitin Galmi, wanda tun 1950 yake karɓar marasa lafiya daga ko'ina. Yaron da yake kuka a kujerar bayanka, mai yiwuwa zazzaɓi ne yake cinsa, uwar ta sayar da akuyarta don ta kai shi can. In aka ce motar safe mai sanyi ta manya ce kaɗai, ita ta jira wata, wa zai amsa in yaron bai kai ba?

Kada kuma mu ce abin bai zo ba tukuna. Ƙanensa ya riga ya iso. Muna ganin katin biki da aka rubuta a ƙasansa ban da yara. Muna jin masu gidajen haya a birni suna tambayar mutum 'ya'yansa nawa kafin su faɗi kuɗin ɗaki, in ya ce biyar sai a ce ɗakin an riga an kama. Har a cikin majami'a abin ya shigo. Jariri ya yi ɗan motsi, kawuna ashirin su juya, mai tsaron ƙofa ya zo ya taɓa kafaɗar uwar, ta fita ta zauna a gindin dalbejiya har a tashi. Mako bayan mako ba ta jin wa'azi. Bayan shekara biyu ta daina zuwa, mu kuwa mu zauna a taron dattawa muna mamakin abin da ya sa bangaskiyarta ta yi sanyi. Makarantar Lahadi abu ne mai kyau in koyarwa ake yi a cikinta. In kuwa wurin jibge yara ne don manya su sarara, to, allon nan ne muka kafa, sai dai ba mu rubuta shi ba.

'Yan'uwa, mu masu bi ba mu da wurin ɓuya a wannan magana, gama Ubangijinmu ya riga ya yanke ta. A Markus sura 10, mutane suka kawo yara wurin Yesu, almajirai suka tsawata musu. Babu shakka almajiran suna ganin taimako suke yi, Malam ya gaji, ana maganar manya. Amma Markus ya gaya mana Yesu ya ji haushi, ya hana su, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. A Matiyu sura 21, yara suna ta sowa a cikin Haikali, manyan firistoci ne suka fusata, Yesu kuwa ya tsaya wa yaran. A Maimaitawar Shari'a sura 31, da aka umarta a tara jama'a a karanta musu Shari'a, an ambaci yara tare da maza da mata da baƙi. Annabi Zakariya kuma, a sura 8, da yake kwatanta Urushalima da Allah zai sāke ginawa, alamar da ya ba da ita ce tsofaffi zaune a dandali da sandunansu, yara maza da mata sun cika tituna suna wasa. A wurin annabi, garin da Allah ya sa wa albarka gari ne mai hayaniyar yara.

Garin da babu wannan hayaniya fa? Mu koma Koriya ta Kudu mu gani. A 2023 lissafin haihuwa a ƙasar ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, wato ko ɗa ɗaya bai cika ba. A 2024 makarantun firamare fiye da ɗari ba su sami ko ɗalibi ɗaya sabon shiga ba. An mai da wasu gidajen renon yara gidajen kula da tsofaffi. Ban ce allon ƙofa ne kaɗai ya jawo wannan ba, akwai tsadar gida da tsadar makaranta da wahalar aiki. Amma budurwar da ta tashi tana ganin yadda ake harar mai goyo a ko'ina, da wane ƙarfin hali za ta yi marmarin goyo? Mutumin da ya biya kuɗi yau don kada ya ji kukan jariri, gobe zai tsufa, ya nemi mai ɗaga shi daga gado. Wannan mai ɗagawa kuwa, jaririn nan ne da ya ƙi zama kusa da shi.

Akwai kuma asarar da ake yi wa yaron kansa. A ina yaro yake koyon gaisuwa, da tashi ya ba tsoho kujera, da rage murya in manya suna magana? A cikin mutane yake koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu sun ce ɗa na kowa ne, shi ya sa a mota wata tsohuwa takan miƙa hannu ta karɓi jaririn da ba ta san uwarsa ba, ta yi masa tawai har ya yi barci, wani dattijo kuma ya dubi yaro mai ƙiriniya ya ce kai, zauna, ya kuwa zauna. In ka ware yaro daga manya shekara goma sha biyu, sa'an nan ka buɗe masa ƙofa, kada ka yi kuka in ya shigo bai san ladabi ba. Ba ka bar shi ya ga inda ake yinsa ba.

Ban ce a kai yaro ko'ina ba. Ba a kai shi mashaya, ba a kai shi ɗakin tiyata, ba a barinsa kusa da injin niƙa. Ma'aunin mai sauƙi ne: don amfanin wa aka hana? In don a kāre yaron ne, hani ne na ƙauna. In don babba ya ji daɗi ne, son kai ne. Mai son shiru kuma akwai hanyar da za a biya masa bukata ba tare da an wulakanta kowa ba. A keɓe tarago na shiru, dokarsa ta hau kan kowa, babba da yaro: wanda ya iya yin shiru ya shiga, wanda ya kasa ya koma wani. A Suwizalan akwai jiragen ƙasa masu taragon iyali da wurin wasa a ciki. A Jamus akwai ɗan ɗaki a jirgi domin masu ƙananan yara. Waɗannan sun yi tunani suka ƙara wa yaro wuri, waɗancan suka rage masa.

Saura namu aikin. Ku iyaye, ku rufe bakin masu zargi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku shirya ruwa da abinci da tsumma tun a gida, ku kwaɓi yaro in ya taɓa kayan mutane, ku ba da haƙuri in ya ɓata wa wani. Ku maza, ku karɓi yaron a hanya, hannunku ba zai karye ba. Ku fasinjoji, maimakon tsaki, ku tambayi uwar ko tana bukatar taimako. Ku dattawan ikkilisiya, ku sa benci a baya kusa da ƙofa domin masu goyo, inda za su iya fita su komo suna jin Maganar Allah, ku kuma gaya wa masu tsaron ƙofa aikinsu marabtar mutane ne. Mai gidan haya da yake cikinmu, ya tuna shi ma an taɓa goya shi a gidan wani.

Duk wanda yake karanta wannan ya taɓa yin kuka a kunnen mutanen da ba su haife shi ba, suka yi haƙuri da shi har ya girma. Bashi ne a kanmu, kuma yaran yau ne za mu biya. Allah ya ba mu haƙurin biya. Amin.