Zagi ba ya cika akwatin zaɓe

Masu tallar siyasa sun ɗauka ɓata sunan abokin hamayya shi ke kawo ƙuri'a. Zaɓen shugaban ƙasa na 2020-2021 ya ƙaryata su. Wasu ƴan adawa sun yi ta shelar cewa Bazoum Mohamed ba ɗan Nijar ba ne, amma ya lashe zagaye na biyu da fiye da kashi 55 cikin ɗari. Mai zaɓe jam'iyyarsa yake bi, da alƙawarin da aka yi wa garinsu.

Sai dai zagin bai faɗi ƙasa banza ba. Tarzomar Yamai ta Fabrairun 2021, wadda aka rasa rayuka cikinta, ta tarar da zukata sun riga sun tafasa. Ƴan siyasa sun yage zumunci, sun bar wa malaman makaranta ɗinki.