Rubutun Mako: Kada Ado Ya Zaɓar Mana Manhajar Akwatin Gem

 

Duk wanda ya haɗa akwatin gem irin na tsaye a gida ya san inda gardama take farawa. Kafinta ya gama aikinsa, an ɗaura sikirin, an dasa sanda da maɓallai, sai a zo kan tambaya ɗaya: wace manhaja za a sa a gaba, wadda za ta nuna jerin wasanni a zaɓa? Ra'ayinmu shi ne yawancinmu muna yin zaɓen nan da ido, mu ga bidiyon wani a YouTube hotuna na juyawa, kiɗa na tashi, mu ce irin wannan muke so. Bayan wata uku akwatin ya koma teburin ajiye kaya, ƙura ta rufe shi, kuɗin katako da na sikirin sun tafi a banza.

Mu fara da bambance abu biyu. Manhajar da ke kwaikwayon tsohon injin wasa daban, manhajar zaɓe daban. MAME, wadda Nicola Salmoria ɗan ƙasar Italiya ya fara fitarwa a 1997, ita ke tafiyar da wasan. Manhajar zaɓe kuwa aikinta ta nuna jeri, ta kira MAME, ta kuma karɓi allo idan an fita. Ba ta ƙara wa wasa sauri, ba ta gyara wasan da ya ƙi tashi. Mai tsaron ƙofa ce kawai, kuma ana auna mai tsaron ƙofa ne da yadda yake shigar da baƙo.

Saboda haka ga ma'aunin da muke ganin ya dace. Na ɗaya, daga danna makunnin wuta har zuwa cikin wasa, kada a nemi kibod ko linzamin kwamfuta. A MAME, lamba 5 ce ke zuba kwabo, lamba 1 ke fara wasa, Esc ke fita, Tab kuma ke buɗe saituna. Allon haɗa maɓallai irin su I-PAC yana aika waɗannan ne kamar daga kibod. Idan manhajarka ba ta jituwa da su, kullum sai ka buɗe bayan akwati ka jawo kibod, to ka haɗa kwamfuta ce a cikin kabad. Na biyu, yaro ɗan shekara bakwai ko baƙon da bai taɓa gani ba ya iya zaɓen wasa, ya fita, ba tare da ya lalata saiti ba. Na uku, wanda masu bidiyon ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba: me zai faru idan an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa?

A kan waɗannan ukun muke cewa ga mafi yawanmu Batocera ce ta fi dacewa. Cikakken tsarin Linux ne da ke tashi kai tsaye zuwa cikin EmulationStation, daga filash ko memori ko rumbun kwamfuta. Kyauta ce, kuma tana aiki a kan tsohuwar kwamfutar ofis da kuma Raspberry Pi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ginin ta: ainihin tsarin yana cikin dunƙulallen fayil da ba a rubutu a kansa, wasanni da saituna kuma suna wani ɓangare daban. Ɗaukewar wuta na iya taɓa abin da ake ajiyewa a lokacin, amma da wuya ta hana akwatin tashi gaba ɗaya. Ga kuma yanayin kulle da ke ɓoye saituna, yara su yi ta danne-danne ba abin da zai sauya. RetroPie ma EmulationStation take amfani da ita, amma tana zaune ne a kan tsarin da ake rubutu a kansa kullum, shi ya sa memorinta ya fi jin jiki idan ana yawan yanke mata wuta.

Mun san masu Windows za su ce a'a, kuma suna da hujja. LaunchBox ta iya tsara wasanni, tana sauko da hotuna da bayanai da kanta. Sai dai fuskarta ta kyauta an yi ta ne don mai linzami a hannu. Wadda ta dace da akwati ita ce Big Box, ita kuma sai an biya, da dala. Sannan tana son kwamfuta mai ƙarfi, ga ɗawainiyar ɓoye Windows ɗin kanta don kada saƙon sabuntawa ya faɗo kan allo ana tsakiyar dambe. A tuna kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, alhali tsofaffin kwamfutocin da muke cusawa a akwati da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda yake da injin da kuɗin, kuma yake son sababbin wasannin da sai a Windows suke tashi, Big Box ta dace da shi.

Attract-Mode kuwa ta masu son kwance-kwance ce. Ba ta da nauyi, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux, kuma kusan komai na fuskarta ana iya sauya shi. Kuɗinta shi ne lokacinka, don sai ka zauna da fayilolin saiti. Idan gyaran ne ke ba ka nishaɗi, bismilla.

Wadda ba mu ba sabon shiga shawarar ya taɓa ba ita ce tsohon HyperSpin. Ita ce mai keken nan da ke juyawa wanda ya ja da yawanmu cikin harkar, kuma ba mu musa kyanta ba. Amma sai sunan kowane wasa ya yi daidai da na hotonsa da na bidiyonsa da na cikin jeri, harafi da harafi, galibi kuma sai an haɗa ta da RocketLauncher. Bidiyoyin adon kaɗai sun isa su cinye datar wata. Sau da yawa kwalliyar ba ta biyan kuɗin sabulu.

Akwai abin da ya fi zaɓen manhaja muhimmanci, wato yawan abin da muke zuba mata. Cikakken jerin MAME dubbai ne, cike da maimaici: wasa ɗaya na Japan, na Amurka, na Turai, ga injinan caca, ga waɗanda ba sa aiki. Tun 2015 ma aka haɗe ta da MESS, tsofaffin kwamfutoci suka shigo ciki. Babu manhajar da za ta sa wannan tarin ya yi daɗin dubawa da sanda. Mu tace shi daidai da akwatinmu. Street Fighter II na 1991 maɓalli shida yake so. Pac-Man na 1980 da Donkey Kong na 1981 an yi su ne don sikirin a tsaye da sanda mai kusurwa huɗu, shi ya sa suke gardama a sanda mai takwas. Wasan tuƙi kuma ba sitiyari ba shi da armashi. Wasa hamsin ko ɗari da kowanne ke tashi lafiya sun fi dubu goma da rabi ke mayar da kai baƙin allo. Kuma a kula, fayilolin wasa sai sun dace da zubin MAME ɗin da ake amfani da shi. Yawancin kukan “manhaja ta ƙi aiki” daga nan yake, ba laifin manhajar zaɓe ba ne.

Kafin ka rufe bayan akwati da kusa, yi gwaji ɗaya. Sa manhajar a filash, ka zuba wasa goma, ka cire kibod, ka kira ƙaninka ko ɗanka ka koma gefe ka yi shiru. Idan ya shiga wasa ya fita ya shiga wani bai waiwayo ka ba, ka samu. Idan ya kira ka sau biyu, sake lale. Bayan ka gama saiti kuma, kwafi memorin gaba ɗaya ka adana a wani wuri.

Masu Big Box da masu Attract-Mode, fili naku ne a ƙasa. Ku faɗa mana injin da kuke amfani da shi, wasa nawa ke cikin jerinku, da yadda akwatin yake yi idan wuta ta ɗauke ta dawo. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.