Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi



A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura muku kasonku kai tsaye daga asusun tarayya. To, ina rabon bukukuwanmu a ciki?

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya shiga kundin UNESCO a 2016, yana da jiha da masarauta a bayansa. Kalankuwar ƙauye fa, da dambe da kokawar kaka? Samari ne ke karo-karo su yi hayar lasifika. Makaɗi ya kwana yana kiɗa, ya tafi da ɗan abin da aka liƙa masa kawai.

Ku share fage, ku kafa rumfa, ku kawo ruwan sha da ma'aikacin lafiya saboda 'yan dambe. Don Allah ku sa wannan cikin kasafin baɗi.