Shawarar kiyo: In ƙaura ta kama, yaya za a yi da kaji?



A wannan wata za mu yi magana bisa ƙaura da kaji. Mutum ya samu aiki wani gari, ko iyali za su koma gida. An ɗaure tabarmi da tukwane, an ɗora buhun hatsi. Sai uwargida ta ce: kajina fa? Tana da gaskiya. Kajin nan su ne asusunta, da su take sayen magani da sabulu.

To amma kai kaza kasuwar ƙauye daban, kai ta Yamai daga Maraɗi daban. Tafiyar ta fi kilomita 600. Kazar da aka ɗaure wa ƙafa, aka rataye kai ƙasa, ba za ta isa da rai ba. In ma ta isa, ƙafar ta lalace.

Ku fara da zaɓe. Tsohuwar kaza da ta bar ƙwai, ku sayar. Wadda ke zawo ko gyangyaɗi, kada ta shiga mota. Mai kwanci ma, ku jira ta ƙyanƙyashe ko ku bar wa ƴar'uwa, don in aka ɗaga ta da wuya ta koma bisa ƙwan. Zakara guda mai kyau ya isa.

Babban abin da ke kashe kaji a hanya zafi ne. Kaza ba ta gumi kamar mutum. Jikinta ma ya fi namu zafi, yana kai digiri 41. In rana ta dame ta, sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. In kun ga haka, ku tsaya inuwa ku ba ta ruwa. A watan Afirilu da Mayu, lokacin bazara, awa kaɗan bisa kan mota ya isa ya ƙare garke duka. Saboda haka ku kama su da dare suna barci, ku tashi da asuba ko da maraice.

Ku sa su a akurki ko kwando mai huji, iska na shiga ta ko'ina. Kada ku sa a buhu. Ku shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa. Kowace ta samu wurin kwanciya ba bisa ƴar'uwarta ba. Ƴan tsaki a ba su nasu kwando, in ba haka ba manya za su tattake su. Zabbi kuwa, ku ɗaure murfinsu sosai. Wanda ya taɓa bin zabo cikin tasha ya san dalili.

Ku tsaya da kanku lokacin lodi. Yaron mota sauri yake, yana iya danne akurki da buhu ko ya rufe shi da tampol. Ku yi masa inuwa da tabarma daga sama, gefe a buɗe. Kada ku cika masu ciki da hatsi kafin tashi. Ruwa ne wajibi. Duk inda mota ta tsaya, Ƙonni ko Doso, ku ba su. Ɓawon kankana ko jiƙaƙƙiyar dusa ma suna taimako, don ba su zubewa.

Saura maganar ciwo, ita ce mutane ke mancewa. Annobar nan da ke share kaji lokacin ɗari, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ba ta da magani sai rigakafi. Ku je wurin ma'aikatan kiyo a yi wa kajinku, sati 2 ko 3 kafin tafiya. Ku tambaye su kuma ko an hana fita da kaji daga yankinku. A 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, kuma irin wannan ciwo a kwando yake bin hanya.

In kun sauka, kada ku sake su nan take. Ku rufe su wuri guda mai inuwa har sati 2, nesa da kajin maƙwabta. Kaza tana iya ɗauke da ciwo kwanaki ba a gani ba. In taku ta kashe kajin unguwa ranar da kuka zo, zaman zai yi wuya. Rufewar kuma tana sa su gane sabon gida. Ranar sakinsu, ku buɗe da la'asar, ku watsa ɗan gero bakin akurki. Magariba na yi za su koma ciki da kansu.